Idan Kwamfutar Gwamnati Ta Ɓata, a Wuyan Wa Take? Nazari kan Alhakin Kayan Hukuma daga Mubi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda kwamfutocin tafi-da-gidanka da hukuma ke ba ma'aikatanta suke salwanta ba tare da an kama kowa da laifi ba, kuma ta ɗauki garin Mubi na jihar Adamawa a matsayin fagen nazari. Bayanin da aka fi ji a bakin jama'a shi ne tarbiyya ta lalace, mutanen yanzu ba su da riƙon amana irin na mutanen da. Maƙalar ba ta gamsu da wannan bayani ba. Ta dogara da dokokin kuɗi na ƙasa, da rahoton Babban Odita na Tarayya, da hukuncin aro da ajiya a fiƙihun Malikiyya, da kuma yadda ake cinikin shanu bisa yarda, ta nuna cewa mutum yana riƙe kaya da kyau ne a inda aka ɗaura kayan da sunansa, ya kuma san akwai ranar da za a tambaye shi. Ta kuma bambance asarar da ta fi ƙarfin mutum, irin wadda Mubi ta gani a 2014, da asarar sakaci da ke fakewa a bayanta.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a Nijeriya ya san maganar nan da ake kashe baki da ita: "Ai kayan gwamnati ne." Ana faɗinta idan famfon ofis ya kwana yana zuba, ana faɗinta idan motar ma'aikata ta shekara a gareji babu taya, haka kuma ana faɗinta idan aka nemi kwamfutar da aka ba wani jami'i aka rasa. Na ware kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ma'aikata suka fi kira laftof, daga cikin sauran kayan hukuma saboda an ƙera ta ne musamman don a fita da ita, ƙofar ofis da maigadi ba sa tsare ta. Ga shi kuma tana tafiya da sunaye da lambobin waya da sakamakon jarrabawa da bayanan lafiyar mutanen da ba su ma san an zuba su a cikinta ba.

Mubi ta dace da wannan nazari. Ita ce tsohuwar hedikwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, don haka aikin ofis ya daɗe a garin. A yau yankin ya kasu ƙananan hukumomi biyu, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, da Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya, ga babban asibiti, ga jami'an kwastan da na shige-da-fice saboda kusancin iyakar Kamaru. Wato ma'aikatan matakan gwamnati uku suna zaune a gari guda, kowanne da dokar da ke kansa. Sannan garin ya faɗa hannun Boko Haram a 2014, abin da ya samar wa tambayar "ina kaya kaza?" wata amsa mai wuyar musantawa. Ambaton waɗannan hukumomi ba zargi ba ne a kan ko ɗaya daga cikinsu. Sun zo ne don a ga irin fagen da ake magana a kai.

Kowa yana zubarwa, ba kowa ke ƙirgawa ba

Ɓatan laftof ɗin hukuma bai taƙaita ga Nijeriya ba. A watan Satumba na 2006 Ma'aikatar Ciniki ta Amurka ta amsa cewa kwamfutoci 1,137 sun ɓata ko an sace su tun daga 2001, kuma 672 daga ciki na hukumar ƙidayar jama'a ne. A watan Mayu na 2006 ɗin aka shiga gidan wani ma'aikacin ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji a jihar Maryland, aka ɗauke laftof da ma'ajiyar bayanai masu ɗauke da bayanan mutum miliyan 26.5. An gano kayan daga baya, amma duk da haka a 2009 ma'aikatar ta yarda ta biya dala miliyan 20 don a sasanta ƙarar da aka kai ta. A Birtaniya kuwa, a ƙarshen 2007, hukumar tara haraji ta ɓatar da faya-fayai biyu masu ɗauke da bayanan mutum miliyan 25. Wani ƙaramin ma'aikaci ne ya aika da su, amma shugaban hukumar, Paul Gray, shi ya ajiye aikinsa.

Abin da ya kamata mu lura da shi a labarin farko shi ne adadin kansa: 1,137. Wanda ya iya faɗin abin da ya ɓace masa har zuwa guda bakwai ɗin ƙarshe, yana da littafin da ya rubuta abin da ya saya, da wanda ya ba, da ranar da ya ba shi. Sun yi sakaci, babu shakka, amma sakacin da ake iya bin sawunsa.

A nan gida ma akwai abin da aka ƙirga. A ƙarshen 2010 hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta yi odar na'urorin rajistar masu zaɓe 132,000, kowace ɗaya kuwa laftof ce da aka haɗa da kyamara da na'urar ɗaukar zanen yatsa da firinta. Tun kafin su isa jihohi, a watan Disamba, aka sace wasu a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Legas. Rahoton Babban Odita na Tarayya na 2019 ya nuna cewa zuwa Disamba 2018 makamai 178,459 ba a san inda suke ba a rumbunan 'yan sanda, 88,078 daga ciki bindigogi ne ƙirar AK-47. Rundunar ta yi nata bayanin daga baya. Abin da ya shafe mu a rahoton shi ne ƙorafin masu binciken cewa ba a gabatar musu da fom ɗin sanar da asara ba. Idan bindiga, mai lamba a jiki, wadda ake sa hannu kafin a ɗauka, za ta iya fita ba takarda, to laftof fa?

Sai kuma uzurorin da suka zama abin dariya a ƙasa. A 2018 aka ji labarin macijin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin hukumar JAMB da ke Makurɗi. A 2022 hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ta shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa gara ta cinye takardun biyan kuɗi na fiye da naira biliyan 17. Mun yi dariya mun wuce, mun manta da yadda maganar macijin ta fito. Ta fito ne domin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede ya tura a bi ofisoshin jihohi a ƙirga katunan rajista da aka sayar da waɗanda suka rage. Da ba a ƙirga ba, ba za a ma buƙaci maciji ba.

Doka ba ta yi shiru ba

Wanda bai sani ba zai zaci babu tanadi ne. Akwai, har ya yi yawa. Ƙa'idojin Kuɗi na Gwamnatin Tarayya, waɗanda aka sabunta a 2009, sun tsara cewa duk kayan da aka saya sai sun bi ta sito: a rubuta baucar karɓa, a shigar da su littafi, a rubuta baucar fitarwa kafin a ba kowa. Idan kaya suka ɓata, jami'in da ke riƙe da su ya sanar da shugabansa nan take, a cika fom mai lamba 146 na Baitulmali, a kai wa 'yan sanda rahoto in ana zaton sata, a kafa kwamitin bincike in asarar ta kai, wanda aka samu da sakaci kuma a cire kuɗin daga albashinsa. Duk shekara akwai kwamitin da ya kamata ya zagaya ya ƙirga kaya da idonsa. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta faɗi yadda za a rabu da kayan da suka tsufa. Sashe na 315 na Final Kod na Arewa, yadda aka kafa shi tun farko, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga ma'aikacin gwamnati da ya ci amanar dukiyar da aka damƙa masa. Jihohi ma suna da nasu ƙa'idojin masu kama da waɗannan.

To ina gizo ke saƙa? Wuri ɗaya da ba a cika ambata ba shi ne tsarin lissafin kansa. Har zuwa farkon 2016, lokacin da Nijeriya ta koma sabon tsarin lissafi na ƙasa da ƙasa mai suna IPSAS wanda ke lissafa kadarori, asusun gwamnati yana bin shiga da fitar kuɗi ne kawai. A ƙarƙashin tsohon tsarin, ranar da aka biya ɗan kwangila kuɗin kwamfuta, ranar ta gama rayuwarta a littafin akanta: an kashe kuɗi, magana ta ƙare. Ba ta sake fitowa a lissafin shekara mai zuwa ba, balle wani ya tambayi inda take. Ma'aikatan da ke riƙe da manyan kujeru a yau a cikin wannan tsari suka tashi, kuma canza doka ya fi canza sabo sauƙi.

Na biyu, sashe na 85 na Tsarin Mulkin 1999 bai ba Babban Odita ikon binciken asusun hukumomin da doka ta kafa kai-tsaye ba. Yana ba su jerin sunayen masu bincike su zaɓa, ya yi sharhi a kan rahotonsu, ya kuma leƙa lokaci-lokaci. Sashe na 125 ya yi wa oditan jiha irin wannan iyaka. Manyan makarantu suna cikin wannan rukuni.

Tafiyar laftof guda

Bari mu bi guda ɗaya daga farko. A ce wani shiri na ilimi ko na kiwon lafiya ya kira bita a wani otal a Yola. Ranar rufewa aka jera kwalaye a kan tebur, aka kira jami'ai ɗaya bayan ɗaya, babban baƙo ya miƙa, aka ɗauki hoto, aka tafa. Takardar da jami'in ya sa wa hannu ita ce ta halarta, wadda ake biyan kuɗin mota da ita. Ya sa kwalin a but, ya bi ta Gombi da Hong ya iso Mubi. Mai kula da sito na ma'aikatarsa bai ga kwalin ba, bai rubuta lambar jikin na'urar ba, bai ma san ta shigo gari ba. Tambarin da aka manna a murfinta, mai sunan shirin, yakan ɓare kafin damina biyu.

Da rana tana aiki a ofis in akwai wuta. Da dare yaro yana gwajin tambayoyin JAMB a kanta, ƙannensa suna kallon fim. Wata rana batir ya kumbura ko allo ya tsage. Aka kai wa mai gyara a kasuwa, ya ce sai an yi odar kaya daga Kano. Babu kuɗin gyara a kasafin ofis, jami'in kuwa ba zai cire daga albashinsa ya gyara abin da a wannan lokaci ya tuna ba nasa ba ne. Ta zauna a kanta tana shan ƙura, har mai gyara ya fara cire mata sassa yana sa wa wasu. Ko kuma ba ta lalace ba, sai dai takardar canjin wurin aiki ta zo. Wanda ya gaje shi ya same shi cikin ladabi:

"Ranka ya daɗe, an ce akwai laftof ta wannan tebur."

"Wace laftof? Ai ni aka ba, a bita. Ka jira taku bitar."

A wane mataki aka yi satar? Ba za ka iya nuna guda ba. Mutumin nan bai ɗauki kansa ɓarawo ba, unguwarsu ma ba ta ɗauke shi haka ba, kuma ta wani ɓangare yana da hujja, tunda hannu da hannu aka ba shi a gaban jama'a ba tare da an ce masa aro ne ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai "ni aka ba" tsohuwar hujja ce da aka daɗe da rushewa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso a matsayin kyautar da aka yi masa, Manzon Allah (SAW) ya tsawatar, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna babu mai kawo masa komai. Kujerar aka ba kwamfutar, shi kuwa zama ya tarar da shi a kai.

Asarar dole da asarar sakaci

Ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, suka canza mata suna zuwa Madinatul Islam. A ranar ce kuma suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Jama'a suka fita da abin da ke jikinsu, wasu suka bi duwatsu a ƙafa zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola mai nisan kusan kilomita 200. Makarantu suka watse, bankuna suka rufe, aka fasa ofisoshi da shaguna da gidaje. Sai a tsakiyar Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato garin, dawowar mutane kuwa ta ɗauki watanni. Malamin da ya goya ɗansa ya bar laftof a kan tebur, babu mai hankalin da zai ce ya biya.

Amma fitina irin wannan tana da wata illa da ba a cika magana a kanta ba. Idan littafin sito ya ƙone tare da kayan, to wanda ya rasa kayansa da gaske da wanda ya riga ya kai nasa gida tun bara sun zama ɗaya a gaban mai bincike. Dukansu za su ce, "Ai lokacin da 'yan Boko suka shigo ta tafi." Na farko gaskiya ya faɗa, na biyu kuwa ya samu inuwa, kuma rashin takarda ya fi cutar na farko, domin har abada ana yi masa kallon da ake yi wa na biyu. Wannan ba halin mutanen Mubi ba ne su kaɗai. Duk inda gobara ko ambaliya ko tarzoma ta ci ofis, haka ake gani.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan, kuma yadda suka warware ya fi ƙa'idojin ofis kaifi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, wanda aka ba ajiya amintacce ne. Idan ya ce ta salwanta za a karɓi maganarsa, ba zai biya ba sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kamar ya yi amfani da ita ba izini har ta lalace. Mai aro kuwa hukuncinsa ya danganta da irin kayan. Idan abu ne da ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko kayan ado, to zai biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ya salwanta ba da laifinsa ba. Idan abu ne da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, ba zai biya ba sai an tabbatar da ta'addancinsa ko ƙaryarsa. A kan wannan tunani ne aka ɗora wa masu sana'a irin tela lamunin kayan da suka tafi da su. Hikimar a fili take: inda mai kaya ba ya iya ganin abin da ya faru, nauyin kawo hujja ya koma kan wanda kayan ke hannunsa. Littafin Fitowa, sura ta 22, shi ma ya raba tsakanin wanda aka ba ajiya aka sace, wanda za a kai gaban alƙalai a ga ko ya sa hannu, da mai aro, wanda zai biya in mai kaya ba ya wurin. Ke nan Musulmin Mubi da Kiristanta ba baƙin wannan rarrabewa ba ne.

Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Amma ina ganin kwatancin yana da amfani. Laftof ɗin da ke kulle a ofis, ko a hannun ma'aikaci a bakin aiki, ta fi kama da amana: in ɓarayi suka fasa ko 'yan bindiga suka shigo, asarar ta hukuma ce. Daga lokacin da ta koma ɗakin yara kuwa, ta zama aro na abin da ake iya ɓoyewa, mai riƙe da ita ne zai kawo shaida. Abin da ake yi a ofisoshi a yau bai bi ko ɗaya ba. Takardar rantsuwa daga kotu da ɗan rahoton 'yan sanda, waɗanda kowa ya san yadda ake samunsu, sun isa a rufe fayil, in ma an buɗe shi.

Hujjar kara

Yanzu ga babbar tambayar: shin riƙon amana ne ya yi ƙaranci a zukatan mutane? Mai wannan ra'ayi ya leƙa kasuwar shanu ta Mubi. Shanu suna shigowa daga Kamaru da Chadi, ana loda su a tireloli zuwa kudancin ƙasa. Dillali yana tsayawa tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba, wani lokaci ma ba sa jin harshen juna, a yi cinikin miliyoyin naira, a ɗauki dabba a kan za a biya bayan an sayar. Ana cuta a can ma, ba aljanna ba ce. Amma dillalin da ya ci kuɗin baƙo sau ɗaya ya gama cin abinci a wannan kara, kuma labarinsa zai riga shi isa kasuwa ta gaba. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya tsayu a kan masu masauki da ke lamunce bashi ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, domin kowa ya san wanda zai kama in abu ya ɓaci. Mutanen kara da mutanen sakatariya 'yan gida ɗaya ne, makaranta ɗaya suka yi, liman ɗaya ko fasto ɗaya suke saurare. Da tarbiyya ce ta mutu, da ta mutu a wuraren biyu.

Peter Ekeh, a maƙalarsa ta 1975, ya ce mulkin mallaka ya bar wa ɗan Afirka fagen jama'a iri biyu: na dangi da ƙabila da gari, inda yake jin nauyin bayarwa, da na hukuma, inda yake ganin wurin ɗiba ne. Bayanin yana da ƙarfi, amma ina ganin ya tsaya a rabin hanya, domin yana iya sa mutum ya zaci abin ya zama jini. Ni a ganina bambancin kara da ofis ya fi wannan sauƙin faɗa. A kara kowace saniya tana da mai ita, kowane ciniki yana da wanda ya tsaya, kuma sakamakon cin amana yana zuwa kafin sati ya zagayo. A ofis mai kaya ba shi da fuska, rahoton odita yana fitowa bayan shekara biyu ko uku, lokacin mai laifi ya yi ritaya ko ya samu ƙarin girma.

Kuka da lalacewar ma'aikata ma ba sabo ba ne. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya sallami dubban ma'aikata, a 1984 aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a. Wato zamanin da muke yi wa kallon na mutanen kirki, shi ma yana ganin kansa a lalace. Abin da ya canza da gaske shi ne tushen kuɗin da kuma nisan mai tambaya. Lokacin En'e, haraji da jangali ake tarawa daga mutanen da ma'aji ke haɗuwa da su a masallaci da kasuwa. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kuɗin ya koma kason wata-wata daga asusun tarayya, wanda babu wanda ya ji zafin fitarsa daga aljihunsa. A ƙara da jinkirin biyan haƙƙin 'yan fansho, wanda ke sa mai shirin ritaya ya riƙe duk abin da ke hannunsa a matsayin kafin-alƙalami. Na fahimci wannan, amma ban karɓe shi a matsayin uzuri ba, domin ba gwamna ya hukunta ba, magajinsa ya bari da tebur babu kayan aiki.

Abu mafi muni shi ne inda hukuncin ke sauka in ya tashi sauka. Maigadi, masinja, mai shara, ɗan bautar ƙasa: su ake kai wa ofishin 'yan sanda. Ƙaramin ma'aikacin da ya ga haka sau biyu ya koyi darasinsa, kuma darasin shi ne kada ka sa hannu a kan komai, kada ka yarda a rubuta sunanka. Haka ake kashe ɗaukar alhaki a ma'aikata.

Abin da ke cikinta

Bayan 2014 ƙungiyoyin agaji da hukumomin gwamnati sun yi ta rajistar 'yan gudun hijira, zawarawa, marayu, masu karɓar tallafi da masu jinya a arewacin Adamawa. A gari na kan iyaka da ya ga abin da Mubi ta gani, jerin sunayen da ya nuna wane ne ɗan banga ko wace ce ta kuɓuto daga daji ba abin wasa ba ne. Laftof marar kalmar sirri da ta ƙare a shagon mai gyara ta tafi da duk wannan. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa hukumar da ke riƙe da bayanan mutane ta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 idan aka samu ɓaraka mai iya cutar da su. Ofishin da bai rubuta cewa ya mallaki na'ura ba, ba zai san ranar da agogon ya fara ba.

Inda za a kama

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka ko kwamitin shugaban ƙasa. Kowace na'ura, ko saye aka yi ko kyauta ce daga wata ƙungiya, ta fara shiga sito, a rubuta lambar jikinta da sunan mutum ɗaya, ba sunan sashe ba. Takardar da zai sa wa hannu ta faɗi a fili ko an yarda ya je gida da ita, da wanda zai biya gyara, da shekarar da za a ɗauke ta ta tsufa. A nan zan ba da shawarar da wasu ba za su so ba: bayan shekara huɗu ko biyar, a goge bayanan ciki a sayar wa mai riƙe da ita a kan farashi mai sauƙi, da rasit. Wanda ya san za ta zama tasa ta halal zai kula da ita, hukuma kuma ta huta da ƙaryar cewa tana da kayan da ba ta da su. Darasin 2014 kuwa shi ne kwafin rajistar kada ya kwana a gini ɗaya da kayan. A ajiye shi a Yola ko Abuja ko a intanet.

Wurin da ya fi wuya shi ne sama. Mai kula da sito yana iya tare akawu ya hana shi takardar sallama har sai ya dawo da kaya, amma ba zai iya tare darakta ko shugaban ƙaramar hukuma mai barin gado ba, tunda su ke sa hannu a ƙarin girmansa. Tambayar manya sai ta zo daga waje. Ƙungiyoyin ma'aikata da na ɗalibai da 'yan jaridar Mubi suna da hanyar yin ta: Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi jerin kwamfutocin da ta karɓa, da lambobinsu, da ofisoshin da ke riƙe da su, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa.